Fuska Ta Biyu

Da a ce sabuwar na'urar awon jini ba ta iso asibitin yara ba, da yanzu Sista tana ɗakin mijinta. Haka abokan aikinta suke faɗi a bayan idonta, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Sista ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara masu sikila. Dokta kuwa shi ke jagorantar binciken da ake yi a sashen, a kan wani magani da yara ke sha kullum don a rage musu tashin ciwo. Soyayyarsu ba ɓoyayya ba ce, har masu shara sun san da ita, iyayen yara ma amaryar Dokta suke ce mata.

Ita dai ta san tun tana 'yar makaranta cewa tana ɗauke da rabin ciwon a jininta, don ƙanwarta Auta da cikakkensa aka haife ta. Shi ya sa ranar da Dokta ya furta mata so, sai da ta tambaye shi jininsa kafin ta tambayi gidansu. Ya yi dariya ya ce wankakke ne tas, tun yana ɗalibi aka auna shi.

Ana nan sai na'ura ta zo. A ɗakin awo, kafin a yarda wa sabuwar na'ura da jinin marasa lafiya, sai an fara gwada ta da jinin wanda aka tabbatar lafiyayye ne. Mai awon jini, wani dattijo mai barkwanci da ake kira Baba Allura, ya leƙo yana cigiyar mai ba da sadakar jini. Dokta ya naɗe hannun riga yana cika baki. Sista da kanta ta ɗaure masa dantse ta soka allurar, tana yi masa tsiya wai likita guda yana runtse ido.

Na'ura ta ce Dokta yana ɗauke da rabin sikila.

Baba Allura ya zagi na'ura, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya sa aka kira injiniya. Injiniya ya buɗe ya rufe, ya ce lafiyarta ƙalau. Aka sake ɗiba, aka aika wani asibitin, amsa ta dawo yadda take. Awon da aka yi masa yana ɗalibi shi ne ya yi kuskure. Mutum ya kwana ya tashi cikin jinin 'ya'yan mutane shekara da shekaru, amma bai taɓa tunanin waiwayar nasa ba.

Ranar da Sista ta kai labarin gida, Umma tana kicin tana zuba ruwan zafi a robar gasa wa Auta jiki. Ba ta juyo ba. Ta murɗe murfin robar, ta goge ta da gefen zaninta, ta ce magana ta ƙare. Sista ta bi ta har tsakar gida tana roƙo, Umma ta ce in dai da yardarta za a yi, to ba za a yi ba, in kuma ba a bukatar yardarta, ga hanya nan.

Baba, mahaifinta, bai yi faɗa ba, dama shi ba mai faɗa ba ne, kuma shirun nasa ya fi faɗan ciwo. Sai kawai aka ga Mai Kemis ya fara zama a falo.

Mai Kemis ɗan aminin Baba ne, yana da shagon magani a bakin titi, kuma ya daɗe yana shigowa gidan kawo wa Auta magungunanta. Da can a bakin ƙofa yake miƙa leda ya juya. Yanzu kuwa har takalmi yake cirewa, ya zauna a kujerar kusa da fanka, yana ƙamshin sirop ɗin tari da turare mai tsada. Baba da kansa ya ɗauke shi a mota ya kai shi awon jini wuri uku daban-daban, kamar mai sayen tsohuwar mota. Duka suka ce ba shi da komai.

Abin da ya fi ƙona wa Sista rai shi ne ta rasa aibin da za ta kama a jikinsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya ƙarya, ba ya ɗaga murya. Hirarsa ce dai kamar karanta takardar cikin kwalin magani, amma wa ya taɓa fasa aure don miji bai iya hira ba? Gwaggonta, yayar Baba, kullum sai ta bugo waya ta yaba shi tun daga hula har silifas, ta rufe da cewa so ba ya jinyar yaro.

Dokta kuwa bai saduda ba. A ofishinsa mai ƙunci, tsakanin firjin ajiye samfurin jini da tulin fayiloli, ya riƙa zana mata akwati huɗu a bayan takarda. Kowane ciki, akwati ɗaya ne kawai na ciwo, uku na lafiya. Ko an faɗa a wancan ɗayan ma, ai duniya ta canza. Yaran da ke shan maganin binciken tashin ciwonsu ya ragu ƙwarai, kwanciyar asibiti ta ragu, ƙarin jini ya ragu. Ita shaida ce, da hannunta take tattara sakamakon.

"Ba sikilar da Umma ta sani ba ce wannan," in ji shi. "Ki dubi Auta mana."

Can ne kuwa Sista take dubawa duk lokacin da zuciyarta ta karye.

A binciken, duk yaron da ya zo ganin likita akan nuna masa wani kati mai fuskoki biyar. Ta farko tana dariya, ta biyu tana ɗan murmushi, ta uku ta ɗaure, ta huɗu ta yamutse, ta biyar tana kuka. Sai a tambaye shi wacce ce ta yi kama da yadda jikinsa ya yi masa tun zuwansa na baya, ya nuna da yatsa, a rubuta. Dokar aikin ta hana ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwansa wannan tambaya. Amma Auta mai kunya ce, a gaban baƙuwar fuska sai ta sunkuyar da kai ta ƙi magana. Sista ta roƙi Dokta ya bar ta ta riƙa tambayar ƙanwarta da kanta, shi kuma, da yake lokacin so ya fara kama shi, ya ɗauke kai.

Ba a jima ba Auta ta koma nuna fuska ta biyu. Wata bayan wata, fuska ta biyu. Yarinyar da ta yi ƙuruciyarta rabi a gadon asibiti, ga ta yanzu tana shekara goma sha shida, tana zuwa makaranta, ba a sake kwantar da ita ba. A taron likitoci Dokta ba ya faɗin sunanta, amma kowa ya san wace ce yarinyar da yake alfahari da ita.

Da wannan makamin ya nemi a ba shi dama ya zo ya ga Umma. Baba ya ce ya zo, ba a hana mutum gaisuwa.

Ya zo da yamma, ranar da ba shi da aiki. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, mutumin da manyan likitoci ke miƙe wa tsaye. Sista tana raɓe a bakin ƙofar falo. Ya yi bayani a tsanake, bai kawo kalma ɗaya ta Turanci ba, ya faɗi abin da maganin ya yi wa yara, ya faɗi abin da bai yi ba. Ya ce ba ya yi wa Umma alkawarin Allah ba zai jarrabe su ba, amma yana yi mata alkawarin in jarrabawar ta zo, ba za ta same su hannu rabbana ba.

Umma ta saurare shi har ya kai aya. Sannan ta gyara mayafinta.

"Ɗana, ba ni da abin da zan ce da kai sai alheri. Amma kai kana ganin ciwon nan ne daga safe zuwa yamma, ka wanke hannu ka tafi gida. Ni a gidana yake kwana. Ka taɓa riƙe ɗanka yana ce maka ka sare masa ƙafa ya huta? Ka taɓa rasa inda za ka taɓa a jikin yaro don ko'ina kuka yake sa shi? Mu lokacinmu ba mu sani ba, Allah ba zai kama mu ba. Ku kun sani. Da ilminku da farin kayanku za ku shiga ɗaki ku ce bari mu gwada sa'a?"

Dokta ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Na yi jinyar da ta ishe ni ta ishi zuriyata. Ba zan zauna ina kallo 'yata ta haifo irin wannan wahala ba."

Daidai nan Auta ta shigo da tire, kofunan shayi suna ɗan kaɗawa a kai. Doguwa ce siririya, farin idonta da ɗan rawaya-rawaya. Babu shakka ta ji maganar ƙarshe, don sai da ta tsaya cak kafin ta ƙaraso. Umma ta sauke kai.

Dokta, da yake likita ne ba mai karanta fuskar gida ba, sai ya ga hujjarsa ce ta shigo da ƙafarta. Ya ce ga Auta nan, a tambaye ta. Tun da ta fara shan maganin, an sake kwana da ita a asibiti? Ya juya gare ta da murmushin nan nasa da yara ke so, ya ce ta faɗa wa Umma da bakinta, wace fuska take nunawa.

"Ta biyu," in ji Auta, tana murmushi ita ma.

Ta ajiye tiren a hankali, ta miƙe tana dafa hannun kujera, ta fita. Umma ta bi ta da kallo kamar mai son magana, sai ta fasa. Baba ya ce a bar maganar haka, za a yi shawara.

Sista ta raka Dokta har bakin mota zuciyarta fes. Shirun Umma ta ɗauka sassauci ne. Shi ma haka ya ɗauka, har yana ce mata ranki ya daɗe ki fara zaɓen labule. Ta dawo cikin gida da sauri, tana son ta rungume Auta ta yi mata godiya.

A ɗakin Umma Auta take kwana. Ta koma can ne tun bara, wai agogon Yaya yana tashinta da asuba. Sista ta tura ƙofar ba sallama, ta ga gado wayam. Sai ta ji wani nishi daga lungun da ke tsakanin gado da bango.

Auta ce a ƙasa, ta dunƙule, gwiwoyinta a ƙirji, ta cusa tawul a baki tana cizo. Gumi ya jiƙa mata riga. Robar ruwan zafi tana matse a cinyarta.

Aiki ya riga tunani. Sista ta durƙusa ta taɓa goshinta, ta kama wuyan hannunta, ta tambaye ta ina ne, tun yaushe. Da ta zare tawul ɗin daga bakinta sai ta ga duk gefensa ya yi huji-huji, tsohon cizo da sabo. Wannan ba tawul ɗin yini ɗaya ba ne.

Ta ja durowar gefen gado tana neman abin goge gumi, sai ga kwalayen maganin kashe zafi masu ƙarfi, wasu cike wasu fanko, duk da tambarin shagon Mai Kemis. Babu ɗaya da Dokta ya rubuta.

"Auta, tun yaushe?"

"Tun safe, Yaya."

"Ba na yau nake tambaya ba."

Auta ta juya fuskarta bango. Sai da zafin ya ɗan lafa, bayan Sista ta ba ta ruwa ta gasa mata ƙafafu, sannan magana ta fara fitowa guntu-guntu. Ta ce maganin yana aiki, wallahi yana aiki, da can duk wata sai ta kwanta, yanzu sai a daɗe. Amma bai taɓa kai ta fuska ta biyu ba. Yawanci ta uku ce, wani lokaci ta huɗu. Irin na yau kuwa babu shi a katin.

"To me ya sa? Ni ce fa nake tambayarki. Ni, yayarki."

"Don ke ce, Yaya."

Ta ce ran farko da Sista ta riƙe mata katin, ta huɗu ta nuna. Ta ga yadda fuskar yayarta ta faɗi, ta ga biron Dokta ya tsaya a iska. Zuwa na gaba ta ɗan ji sauƙi, ta nuna ta biyu, sai ta ga Dokta ya kalli Sista, Sista ta kalle shi, su biyun suna haske kamar an biya su albashi. Tun da take a duniya ba ta taɓa sa kowa farin ciki da jikinta ba sai ranar. Daga nan yatsanta ya saba hanya.

Da ciwo ya tashi sai ta gudo ɗakin Umma. Ta sa Umma ta rantse ba za ta faɗa ba. Mai Kemis kuma shi ke kawo abin da zai kwantar da zafin, bai taɓa tambaya ba, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sista ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ashe duk gidan an sani. Uwa ta sani, mai shagon bakin titi ya sani. Su biyu masu farin kaya, masu taro da jawabi, su ne kaɗai ba su sani ba.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin san irin wannan ciwon zai iya hawa ƙirjinki ki tafi a lungun gado, ina ɗaki na gaba ina barci?"

"Na sani."

"Kin sani, kika yi?"

Auta ta juyo, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta.

"Da na'urar nan ta tona jinin Dokta, na yi niyyar in daina. Sai na ji ku a waya kina ce masa ai ga Auta. Ni kaɗai ce hujjarku, Yaya. In na ce ta huɗu, shi ke nan, Umma ta yi gaskiya."

"Umma ba da ke take ba."

"Da wa take? Wahalar da ta ce kar ki haifo, wace ce? Gwaggo ma haka take faɗa a waya, ina ji. Kowa a gidan nan yana sona, na sani, amma kowa addu'arsa kar a sake samun irina. Dokta ne kaɗai ya taɓa zama a falon nan ya ce ko an haifi irina ba komai. Ina so ki aure shi, Yaya. Ina so wani ya ce ba komai."

Sista ta rungume ta a hankali, don ta san inda ba a matsawa. Suka yi kuka har muryoyinsu suka dushe. Ta ce mata da za a jera mata 'yan'uwa lafiyayyu ɗari a ce ta ba da Auta ta ɗauka, ba za ta bayar ba. Auta ta ce ta yarda, amma wannan ba shi ne abin da ta tambaya ba.

Da Sista ta ɗaga kai, Umma tana tsaye a bakin ƙofa da wata robar ruwan zafin a hannu. Ba ta ce na faɗa miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Ta miƙo robar kawai, ta ce a canza waccan ta huce.

Kafin magariba Sista ta sa Baba ya fito da mota aka kai Auta asibiti, aka ɗaura mata ruwa.

Washegari da safe ta sami Dokta a ofis yana shan shayi a tsaye. Ya riga ya ga sunan Auta a allon waɗanda aka kwantar, ya riga ya je ya duba ta, ya canza mata magani. Ya ce kar ta damu, tashi ɗaya bayan tsawon wannan lokaci ba abin tsoro ba ne. Sista ta rufe ƙofa, ta faɗa masa komai, har tawul, har kwalayen durowa.

Ya ajiye kofin.  Ya ce laifinsa ne, shi ya karya doka ya bar ta tana tambayar ƙanwarta, kuma yau zai rubuta wa masu sa ido a kan binciken ya faɗa musu, a cire duk amsoshin Auta. Ta san abin da wannan zai jawo masa, kuma ta san zai yi, don ba maƙaryaci ba ne. A lokacin ta ji tana sonsa fiye da kullum, kuma wannan ne ya fi komai ɗaci.

Sannan ya matso kusa, ya sassauta murya.

"Amma ki saurare ni. Yarinya ɗaya ce cikin yara fiye da ɗari. Ko an cire ta sakamakon yana nan. Kwanciyar asibiti ba ta ƙarya, awon jini ba ya ƙarya. Maganin yana aiki."

"Na san yana aiki."

"To me ya canza tsakaninmu?"

"Akwatin nan ɗaya da kake zana min. Da can in na kalle shi Auta nake gani tana murmushi. Jiya na ga abin da ke cikinsa."

Ya ce za su fi kowa iya kula da ɗansu, uwa ma'aikaciyar jinya, uba likitan ciwon. Ta ce ai Auta ma yayarta ma'aikaciyar jinya ce, likitan ciwon kuma har falo yake zuwa. Ya ce akwai hanyoyi, akwai awon da ake yi tun ciki yana ƙarami, akwai ƙasashen da ake dashen ɓargo. Ta ce duk ta sani, tare suka karanta. Ya ce to kar su haihu gaba ɗaya, shi ita yake so. Ta tambaye shi ko zai iya maimaita wannan a gaban mahaifiyarsa, shi da yake ɗa namiji tilo. Ya mayar da idonsa kan kofin shayin.

"Ba ciwon kaɗai nake tsoro ba," in ji ta, hawaye yana zuba ba ta share ba. "Ina tsoron ranar da zan riƙe wa ɗana katin nan, ya kalli fuskata, ya nuna min ta biyu."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce yaran bincike sun taru. Ta wanke fuska a famfon kusurwa, ta gyara hularta, ta fita ba ta waiwaya ba.

Ɗakin ganin yara yana nan yadda yake, bango mai zanen giwa da jirgin sama, sikeli a gefe, benci cike da iyaye mata riƙe da jakunkuna. Ta farko a layi wata yarinya ce 'yar shekara bakwai, mai kitso biyu da takalmi ja, mahaifiyarta tela ce, kullum da zare a jikin mayafinta. Matar ta zauna tana ba da labari tun ba a tambaye ta ba, wai alhamdulillahi wannan watan lafiya lau, har ta samu ta kammala ɗinkin mutane, Allah ya saka wa Dokta.

Sista ta auna yarinyar, ta duba idonta, sannan ta ɗauko katin. Ta yi tambayar da ta yi sau ba adadi.

Yarinyar ba katin ta fara kallo ba. Sai da ta ɗaga kai ta dubi mahaifiyarta, ta ga murmushin gajiyar da ke fuskarta, sannan ta sa ɗan yatsanta a kan fuska ta biyu.

Shekara nawa Sista tana wannan aikin, ba ta taɓa lura da wannan ɗaga kan ba.

Ta ce wa matar don Allah ta je wurin Baba Allura ta karɓo musu kwalbar awo. Da ƙofa ta rufe, ta durƙusa daidai tsawon yarinyar, ta ce mata yanzu su biyu ne kawai, kuma ba za ta faɗa wa Mama ba. Ta sake miƙa katin.

Yarinyar ta kalli ƙofa. Yatsan ya tashi daga ta biyu, ya wuce ta uku a hankali, ya tsaya a kan ta huɗu.

Sista ta rubuta huɗu. Da ta miƙe sai ta ga Dokta tsaye a ɗaya ƙofar, ta cikin ofis, fayil a hannunsa. Ya ga komai. Ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Ta wuce ta gabansa zuwa baranda. Ta tagar ɗakin kwanciya tana hango Auta a gado, robar ruwa tana ɗiga a hannunta, ta juyo tana neman fuskar yayarta da ido don ta karanta yadda aka yi. Sista ta yi mata murmushi, ɗan ƙarami, daidai irin na fuska ta biyu. Sannan ta juya baya ta ciro waya daga aljihu.

Baba ya ɗauka a bugu na farko, ya tambayi jikin Auta. Ta ce da sauƙi.

"Baba," ta ce, muryarta ba ta rawa ko kaɗan, "ka faɗa wa mutanen Mai Kemis su zo."